Mun Yi Addu'a, Ina Amsa? Fashin Baƙi Kan Roƙon Allah a Wurin Kirista

Duk sa'ad da aka ce masallatai da coci-coci su duƙufa da addu'a saboda tsaro, ko saboda damina ta yi jinkiri, gardama iri ɗaya ce ke tashi a Katsina, daga teburin mai shayi har Facebook. Wasu su ce addu'a takobin talaka ce. Wasu su ce an daɗe ana yi 'yan bindiga ba su fasa ba, don haka kiran addu'a dabarar zille wa alhaki ce kawai. Ana cikin irin wannan ka-ce-na-ce ne maƙwabcina, wani dattijo mai sayar da hatsi, ya tsayar da ni a ƙofar gida bayan la'asar. Ya ce, "Malam, wai in kun taru ran Laraba da yamma me kuke roƙo? Kuna sa gwamna a ciki? Mu fa, kuna sa mu?" Na ce, "Baba Alhaji, muna sawa, kuma wajibi ne a kanmu." Ya jinjina kai ya ce bai taɓa sani ba, alhali mun fi shekara goma katangarmu ɗaya.

Tambayarsa ba ta da wuyar amsawa. Mai nauyin daga cikin gida take fitowa, daga bakin matar da aka ɗauke mijinta a gona, da mahaifin da ɗansa ya gama jami'a yana zaune: mun yi addu'a, mun yi azumi, ina amsa? Wanda bai san mene ne roƙo a wurin Kirista ba, ba zai iya amsa ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan biyu ba, kuma Kiristoci da yawa ma a gurguje suka san shi.

Kalmomin da muke tarayya a kai, ma'ana ta sha bamban

Musulmi yana rarrabe salla da addu'a. Salla tana da lokaci da raka'a da alƙibla, addu'a kuwa roƙo ce da bawa ke yi a kowane hali. Kirista Bahaushe kalmar addu'a ɗaya yake amfani da ita ga duk maganarsa da Allah: yabo, da godiya, da furta zunubi, da roƙo. Taron ranar Lahadi kuma sujada ake ce masa. To abin da muke magana a kai yanzu kaso ɗaya ne cikin huɗun nan, wato roƙo, shi ma ya rabu biyu: roƙon da mutum ke yi wa kansa, da wanda yake yi domin wani.

Akwai kalmar da ke rikita hira tsakanin maƙwabta, ita ce ceto. A bakin Musulmi, ceto shi ne a tsaya wa wani a gaban Allah ranar ƙiyama. A bakin Kirista, ceto shi ne kuɓuta daga zunubi ta wurin Yesu Almasihu. Shi ya sa ba ma cewa fasto yana ceton wani in ya yi masa addu'a, sai dai mu ce yana roƙo dominsa. Mai tsayawa tsakanin Allah da mutane kuwa matsakanci ake ce masa, kuma wasiƙar Manzo Bulus ta fari zuwa ga Timoti a Littafi Mai Tsarki, sura 2 aya 5, ta ce shi ɗaya ne tak, Almasihu. Wannan ne dalilin da yawancin addu'o'in Kirista ke ƙarewa da "a cikin sunan Yesu" kafin jama'a su ce amin. Ma'anarsa, ban zo da cancantar kaina ba, da sunan wanda ya buɗe mini ƙofa na zo. Wanda ya mai da kalmomin nan laƙani, yana ganin in ya maimaita su sau bakwai da ƙarfi dole abu ya faru, ya bar ma'anar a baya.

Me ya halatta a roƙa?

Da almajirai suka ce wa Yesu ya koya musu addu'a, abin da ya ba su gajere ne, ana iya gama shi kafin ruwan shayi ya tafasa. Yana cikin Matiyu sura 6 da Luka sura 11, muna ce masa Addu'ar Ubangiji. Ta fara da kiran Allah Uba, ta roƙi a tsarkake sunansa, mulkinsa ya zo, a aikata nufinsa. Sai bayan haka ta sauko kan bukatun mutum: abincin yau, gafarar laifi, tsari daga jaraba da Mugun. Abu biyu ne ke tsaya mini a rai duk lokacin da muka karanta ta. Na ɗaya, tuwo ya shiga addu'a, saboda haka babu bukatar da ta yi ƙanƙanta a kai wa Allah. Na biyu, babu "ni" a cikinta ko sau ɗaya. Ka ba mu, ka gafarta mana, ka cece mu. Ko kai kaɗai ne a ɗaka, da bakin jama'a kake roƙo.

Wanda yake so ya ga yadda wannan yake a aikace, ya leƙa addu'ar tsakiyar mako. A majami'armu mutum ashirin ne ko talatin, mata sun fi yawa, wasu da goyo. Ana zagayawa da ɗan kwando, kowa ya jefa takardar bukatarsa, wanda bai iya rubutu ba ya miƙe ya faɗa da baki. Dattijon da ke jagora ya ɗaga takardun kusa da fitila yana karantawa ɗaya bayan ɗaya: mai juna biyu da watanta ya tsaya, kuɗin makarantar yara uku, buhun taki, ɗan da ya shiga shaye-shaye, mai tafiya Funtuwa gobe da asuba, maƙwabciya Musulma da ke kwance a asibiti. Wata takardar abin da ke cikinta kawai shi ne "bukata ta ɓoye", ba mai tambaya. Sai a rarraba: Mama, ke ɗauki masu ciwo; Malam, kai ɗauki matafiya. A durƙusa a gaban benci, a yi ta yi har a gama.

In ya riga ya sani, don me ake faɗa masa?

Wannan tambaya ta girmi kowa a cikinmu. Yesu da kansa ya ce Ubanku ya san abin da kuke bukata tun ba ku roƙa ba, ya kuma hana yawan surutu a addu'a da yin ta don idon mutane. Amma shi ɗin ne ya ce a roƙa, a nema, a ƙwanƙwasa. Ya ba da misalin mutumin da ya buga wa abokinsa ƙofa da tsakar dare yana neman gurasa uku saboda ya yi baƙo, da na gwauruwar da ta dami azzalumin alƙali da zirga-zirga har ya bi mata hakkinta. Naci ke nan ƙarara.

Agustin, bishop ɗin Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya amsa wa wata gwauruwa mai suna Proba wannan tambaya a wasiƙa wajen shekarar 412. Ya ce ba labari muke ba Allah ba. Roƙon ne ke faɗaɗa zuciyar mai roƙo har ta iya ɗaukar abin da za a ba ta. Toma Akwinas, malamin tauhidi na ƙarni na 13, ya ƙara da cewa addu'a ba ta sauya shirin Allah, sai dai Allah ya shirya wasu abubuwa su zo ta hanyar roƙo, kamar yadda ya shirya gero ya zo ta hanyar shuka. Manomi ya san ruwa daga Allah yake, wannan bai hana shi fita da sungumi ba. Ni dai misalin da ya fi gamsar da ni na gida ne. Uba ya san takalmin ɗansa ya tsinke, yana kuma da niyyar saya, amma yana so yaron ya zo ya tsuguna ya ce "Baba". Zuwan nan shi ne zumuncin.

Roƙo domin wani, har da wanda ba ka so

Ibrahim ya tsaya yana roƙo domin Saduma, garin da ba nasa ba. Ya fara da masu adalci hamsin, ya sauko arba'in da biyar, arba'in, talatin, ashirin, har goma. Musa ya roƙa wa mutanen da suka ƙera ɗan maraƙin zinariya. Ayuba kuwa sai da ya yi wa abokansa addu'a, waɗanda suka ɗora masa laifin masifarsa, sa'annan arzikinsa ya dawo.

Amsar da na ba Baba Alhaji daga wurare biyu na ɗauko ta. Bulus ya umarci a yi addu'a domin dukan mutane, da sarakuna da duk masu riƙe da mulki, don a zauna lafiya. Ya rubuta haka a ƙarƙashin daular Rum, wadda sarakunanta ba Kiristoci ba ne. Annabi Irmiya kuma, a sura 29, ya rubuta wa Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila cewa su nemi lafiyar birnin su yi masa addu'a, domin lafiyarsa ita ce tasu. Saboda haka Kirista a Katsina yana ambaton gwamna da Mai Martaba Sarki da hakimi da mai unguwa a gaban Allah, ko ya zaɓi mai mulkin ko bai zaɓe shi ba. Yi wa shugaba addu'a kuma ba yabonsa ba ne. A 1995, lokacin mulkin soja, bishop-bishop ɗin Katolika na Nijeriya sun tsara addu'a ta musamman domin ƙasa a cikin ƙunci, har yau ana karanta ta a coci-cocinsu, kuma ba ta ɓoye cewa ƙasar tana cikin wahala ba.

Inda abin ke ɗaci shi ne umarnin da ke Matiyu 5:44, a yi wa masu tsananta muku addu'a. A littafi yana da sauƙin karantawa. A ƙauyukan Kafur da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari, mai tsanantawar yana da fuska, yana da babur, wani lokaci ma an san muryarsa a waya. Na ga dattijo ya zo kan wannan gaɓa a addu'a muryarsa ta sarƙe, ya yi shiru mai tsawo, sai wata tsohuwa ta karɓa daga bayan ɗaki ta ce, "Ya Uba, ka juyo da zukatansu, in sun ƙi ka karya hannunsu daga kanmu." A ganina addu'arta daidai take. Ta roƙa musu tuba, ta roƙa wa garinta tsari, ba ta kuma yafe wa hukuma aikinta na kamawa da hukuntawa ba. Istifanus, wanda aka jefe har ya mutu saboda bin Yesu, ya roƙa wa masu jifansa gafara, Zabura kuma cike take da kukan waɗanda aka zalunta suna neman Allah ya yi shari'a. Dukansu a Littafi ɗaya suke.

Inda ɗarikoki suka rabu

Kiristocin jihar nan ba ɗarika ɗaya ba ne. Turawan mulki sun daɗe suna taƙaita aikin mishan a masarautu, sai a shekarun 1930 ƙungiyar 'yan mishan ta SIM ta samu shiga ta hanyar jinyar kutare, har da Babbar Ruga kusa da Katsina. Daga aikinta ne ECWA ta fito a 1954, ita ce kuma ta bazu a ƙauyukan Maguzawa. Akwai Angilika, akwai Baptis, akwai Katolika, waɗanda Fafaroma Francis ya ba dayosis tasu ta Katsina a 2023, da Bishop Gerald Mamman Musa a matsayin na farko. Sai coci-cocin Fentikos da suka yawaita a cikin gari. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932, shi ya sa kakanninmu da harshensu suka koyi roƙon Allah.

Duka sun yarda rayayye ya roƙa wa rayayye. Saɓanin yana kan waɗanda suka riga mu. Ɗan Katolika yana cewa Maryamu da waliyyai rayayyu ne a wurin Allah, don haka neman su yi maka addu'a kamar ka ce wa ɗan'uwa "sa ni a addu'a" ne, ba sujada ba. Majalisar bishop-bishop ɗin Katolika da ta zauna a Trent ta tabbatar da wannan a 1563. Furotesta, wato ɗarikokin da suka rabu da Katolika, suna cewa Littafi bai koyar da haka ba, matsakanci ɗaya ya isa, kuma mabiya Luther sun rubuta wannan matsayi tun 1530 a Augsburg. Gardamar ta kusa shekara ɗari biyar, amma ran da aka sace mutum a ƙauye ba ta hana su durƙusawa tare.

Wanda ya fi shafar talaka yau wani saɓanin ne daban. Akwai koyarwar da ke cewa lafiya da dukiya hakkin kowane mai bi ne, ka furta kawai ka karɓa, in ba ka samu ba bangaskiyarka ce ta gaza. 'Yan Fentikos da yawa ba su yarda da wannan ba, kuma a gaskiya sun koya wa sauranmu zafin addu'a da sa rai. Amma inda koyarwar ta yi saiwa, roƙo ya koma umarni, kalmar "in nufinka ne" ta zama abin kunya.

Kasuwar addu'a

Wannan ban ji a bakin kowa ba, a gidanmu ya faru. Innarmu tana da ciwon suga, ta ji rauni a ƙafa ya ƙi warkewa. Sai ga wani baƙo a ƙauyen yana kiran kansa annabi. Ya dubi ƙafar ya ce jifa ne, kuma daga cikin dangi, ya kwatanta wata goggonmu ba tare da kiran suna ba. Ya ce a kawo akuya da kuɗin mai na shafawa, a kuma ajiye ƙwayoyin asibiti don shan su alamar shakka ce. Yayana ya kai akuyar. Mako uku Inna ba ta sha magani ba, ƙafar ta kumbura ta fara wari.

Tsohon faston ƙauyen ne ya zo a kan kekensa da yamma. Ya gaishe ta, ya zauna a bakin tabarma, ya ɗora hannu a kanta ya yi addu'a a hankali, bai fi minti biyar ba. Da ya gama ya juyo ya ce wa yayana, "Ɗana, gobe da sassafe ku kai ta asibiti. Luka da ya rubuta Bishara likita ne." Aka kawo masa kuɗin mota ya ce keke ba ya shan mai. An ceto ƙafar, an rasa yatsu biyu. Goggo kuwa shekara huɗu ba ta taka gidanmu ba, kuma ba ta yi mana komai ba.

Littafin Yakubu sura 5 ya ce mara lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a suna shafa masa mai. Bai sa farashi ba, bai ce a zubar da magani ba. Yesu ya ce wa almajiransa kyauta suka samu, su bayar kyauta. Da Siman mai sihiri ya miƙa wa Bitrus kuɗi a Samariya don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi. Baiko da zakka da ake bayarwa a coci don tafiyar da aiki ne da taimakon mabukata, ba ladan addu'a ba ne. Duk wanda ya ce sai ka biya zai roƙa maka, ko ya ce addu'arsa ta fi taka isa wurin Allah, ko ya nuna maka maƙiyi a cikin danginka, ka riƙe akuyarka.

Sa'ad da amsa ba ta zo ba

A watan Mayun 2022 'yan bindiga sun shiga gidan limaman cocin Katolika a Gidan Maikambo, ƙaramar hukumar Kafur, suka tafi da limamai biyu da wasu mutum biyu. An yi ta addu'a, bayan kusan wata guda suka dawo. An yi murna, ya kuma kamata a yi. Amma akwai gidajen da suka yi addu'a iri ɗaya, da hawaye iri ɗaya, nasu bai dawo ba. A Agustan 2025 masu sallar asuba aka buɗe wa wuta a masallacin Unguwar Mantau ta Malumfashi, suna tsakiyar ibada. Wanda zai ce wa waɗannan iyalai addu'arsu ce ba ta kai ba, ya ƙara musu ciwo a kan ciwo, kuma ya faɗi abin da bai sani ba.

Ayyukan Manzanni sura 12 ta ajiye labari biyu kusa da juna. Sarki Hirudus ya kama Yakubu ɗan'uwan Yohanna ya kashe shi da takobi. Ya kama Bitrus, ikilisiya ta duƙufa da addu'a, aka fitar da shi daga kurkuku da dare. Manzanni biyu, sarki ɗaya, ikilisiya ɗaya. Marubucin bai ce Yakubu ya gaza a bangaskiya ba, bai kuma ba da dalili ba. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa abin da ya kira ƙaya a jikinsa, aka ce masa alheri ya ishe shi. Yesu kansa a Getsamani sau uku ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ya rufe da cewa nufin Uba za a bi, kuma gicciyen bai wuce shi ba. In rashin samun abin da aka roƙa shaidar raunin bangaskiya ne, to da waɗannan za a fara.

Gaskiya ne Yakubu 4:3 ta ce akwai roƙon da ba a amsawa saboda mugun nufi. Wannan madubi ne da mutum zai duba kansa, ba sanda ba ce ta dukan mai makoki.

Masana a Amurka sun taɓa gwada auna abin. Binciken da Dakta Herbert Benson ya jagoranta, wanda ya fito a 2006, ya bi marasa lafiya 1,802 da aka yi wa tiyatar zuciya, wasu an sa baƙi su yi musu addu'a, wasu ba a sa ba. Ba a ga addu'ar ta rage matsala bayan tiyata ba. Masu cewa addu'a banza ce suna kafa hujja da shi. Ni abin da na gani a ciki shi ne ya rushe tunanin cewa addu'a inji ce, a zuba roƙo ta nan lafiya ta fito ta can, tunanin da annabin ƙauyenmu ya ci akuya da shi.

Abin da roƙo ke ɗora wa mai roƙo

Masu cewa kiran addu'a zille wa alhaki ne suna da gaskiya a wuri ɗaya. Idan mai riƙe da kasafin tsaro ya ce wa talaka ya je ya yi addu'a, shi kuma bai yi nasa ba, ya yi wasa da sunan Allah. Da maƙiya suka yi barazana ga masu ginin garun Urushalima, Nehemiya, jagoran aikin, ya ce sun yi addu'a ga Allahnsu, suka kuma sa masu tsaro dare da rana. A jimla ɗaya ya faɗi duka biyun. Littafin Yakubu kuma ya tambaya, in ɗan'uwa ba shi da sutura ba shi da abinci, ka ce masa ya sauka lafiya ya ji ɗumi ya ƙoshi, ba ka ba shi komai ba, me ka yi?

Shi ya sa kwandon ranar Laraba ba ya ƙarewa da amin. Wanda ya ji an karanta bukatar taki, yana da buhu biyu a ɗaka, ya riga ya shiga cikin maganar. Matar da na ambata da farko, wadda aka ɗauke mijinta a gona, takardarta ta yi wata biyar tana dawowa cikin kwandon, da rubutun ɗanta na aji shida. Zumuntar mata suka sa wa kansu tiya ɗaya ta masara kowane mako, suna kai mata bi da bi. Da ruwa ya sauka matasa suka yi gayya suka nome gonar, mutum biyu suna kan tudu suna duban hanya. Baba Alhaji da ya ji labarin ya auna gero tiya biyar ya ce in kai, kada in faɗi daga inda ya fito. Har ranar da nake wannan rubutu mijin bai dawo ba, kuma Larabar da ta wuce an sake karanta sunansa.